Ragar Keji: Lambobi Biyu Da Ya Kamata Mai Kiwo Ya Duba Kafin Ya Tura Kuɗi

Daga Roni zuwa Kazaure, Gwiwa da Babura, da wuya a shiga unguwa a rasa matashin da ke kiwon wani abu a bayan ɗaki. Wani tantabaru, wani zomaye, wani kuma ya sayo 'yan tsaki ko ƙwan zabi ya sa wa kaza. Da yawa daga cikinsu a TikTok ko Facebook suka fara ganin irin kejin da suke so, daga nan sai a nemi lambar mai sayar da raga a Kano, a turo hoto ta WhatsApp, a tura kuɗi, direba ya kawo kaya ta hanyar Kano zuwa Daura. Matsalar ita ce a hoto duk raga iri ɗaya ce. Bambancinsu yana fitowa ne a daren da muzuru ko tunku ya zo, gari ya waye a tarar da gashin kaji a warwatse, kejin kuma yana nan a rufe da kwaɗonsa.

Tun da kalmar waya tana ɗaukar ma'ana biyu, a wannan bayanin duk inda aka ce waya to zaren ƙarfen da ake saƙa raga da shi ake nufi. Wadda ake kira da ita kuwa za a ce mata wayar hannu.

Ragar da ake kira ragar kaji

Ragar da ta fi yawa a kasuwa, ta kuma fi araha, ita ce mai idanu masu kusurwa shida kamar saƙar zuma. Wani maƙeri mai suna Charles Barnard ne ya ƙera injin saƙa ta a birnin Norwich na Ingila a shekarar 1844, ya ɗauki dabarar daga injinan saƙa tufafi na garin. Ba a yi mata walda, murɗa wayoyin kawai ake yi da juna, shi ya sa take da taushi, ana iya naɗe ta da hannu ɗaya.

Sunanta ne ke yaudarar mutane. Aikinta shi ne hana kaza fita ta shiga gonar maƙwabci, kuma tana yin wannan aikin daidai. Amma kare yana iya yaga ta da haƙori, gafiya tana iya buɗa ta, idan kuma waya ɗaya ta tsinke sai murɗin ya fara warwarewa ramin ya yi ta faɗi. Idonta kuma yawanci inci ɗaya ne ko biyu, wanda ƙofa ce a buɗe ga ɓera da maciji. Inda ta fi dacewa shi ne rufe saman fili don shaho da shirwa, ko raba manyan kaji da ƙanana a cikin akurkin da ya riga ya ƙarfafa ta waje.

Ta biyu ita ce ragar walda, mai idanu murabba'i, wadda aka like kowace mahaɗa da wutar lantarki a masana'anta. Ita ce ta dace da kejin zomo, ɗakin tantabara da wurin kwanan kaji, domin ko an yanke ta a wuri ɗaya sauran ba ya sakin jiki. Sai ta uku, mai kauri da idanu kamar lu'u-lu'u, irin wadda ake kewaye makarantu da filayen ƙwallo da ita. Wannan ta manyan dabbobi ce, 'yan tsaki ta cikinta za su bi su fice.

Lamba ta farko: girman ido

Ana zaɓen girman ido ne gwargwadon abin da ake so a hana shiga. Mai zomo yakan kalli girman zomonsa ya ce wannan ragar ta isa, alhali ɓeran da zai cinye 'ya'yan da aka haifa jiya bai kai rabin tafin hannu ba.

Inci ɗaya milimita 25.4 ne. Ido mai inci ɗaya yana tare kare, muzuru, shaho da hankaka, amma ɓera da ƙananan macizai suna wucewa. Rabin inci, wato milimita 12.7, shi ne wanda ya fi dacewa da yawancin kiwon gida: yana tare gafiya, manyan ɓeraye, tunku, damo mai shan ƙwai da yawancin macizai. Ƙaramin ɓeran ɗaki kuwa yana iya matsewa ta ramin da bai wuce milimita 6 ko 7 ba, saboda haka akwatin 'yan tsaki da wurin ajiye dusa da abincin kaji sun fi son kwatan inci. Sai dai kwatan inci yana saurin toshewa da ƙura da gashi, ga shi wayarsa siririya ce, don haka ba a kewaye babban akurki da shi.

A nan ne kayan da ke aljihun kowane mai wayar hannu suke yin amfani. Tsohon babban sim, irin na wayoyin Nokia na da, tsawonsa milimita 25 ne, kusan inci ɗaya cif. Ƙaramin sim na nano da ke cikin wayoyin yanzu tsawonsa milimita 12.3 ne, kusan rabin inci. Mai saye zai iya cewa mai shago ya ɗora sim a kan ragar ya ɗauki hoto kusa-kusa. Idan nano ya cike idon daga waya zuwa waya, rabin inci ce. Idan ya yi iyo a tsakiya da fili ta kowane ɓangare, to ko me aka rubuta a tallar, ba ita ba ce. Manhajojin awo da ke amfani da kyamara suna da kyau wurin auna tsawon ɗaki, amma a matakin milimita kuskurensu ya fi abin da ake aunawa girma.

Lamba ta biyu: kaurin waya

Ita ce ake kira geji, kuma lissafinta a juye yake: yadda lamba ke ƙaruwa haka wayar ke sirancewa. Geji 14 kusan milimita 2 ne, geji 16 kusan milimita 1.6, geji 19 kusan milimita 1, geji 22 kuwa wajen milimita 0.7. Wanda bai sani ba idan aka ce masa 22 sai ya ɗauka ya samu babba.

Katin ATM kaurinsa milimita 0.76 ne. Idan aka kara gefen katin da wayar ragar aka ga kaurinsu ɗaya, to siririya ce, ta kusa da geji 22. Kati biyu a haɗe sun ɗan wuce milimita ɗaya da rabi, wato daf da geji 16. Wanda zai riƙa sayen raga akai-akai gara ya mallaki ɗan ma'aunin kauri na dijital irin na makanikai, amma ga mai saye sau ɗaya katin ya wadatar.

Akwai dalilin da ya sa farashi ke tsalle tsakanin raga biyu masu kama da juna. Yawan ƙarfen da ke cikin waya yana tafiya ne da faɗin bakinta idan an yanke, ba da kaurinta kai tsaye ba. Idan kauri ya ninka biyu, ƙarfen ya ninka huɗu. Saboda haka waya mai milimita 1.6 tana ɗauke da ƙarfe ninki huɗu na mai milimita 0.8, ko da idonsu da tsawonsu ɗaya ne. Wannan ya ba da wata hanyar gwaji mai sauƙi: a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano, inda ake hada-hadar ƙarfe da kayan gini, mai saye ya ɗaga naɗi biyu masu ido ɗaya da tsawo ɗaya, wanda ya fi nauyi shi ya fi ƙarfe. Mai saye daga nesa kuma ya nemi a ɗora naɗin a sikeli a turo masa hoton. Yawancin irin wannan raga daga ƙasar Sin ake shigo da ita, musamman gundumar Anping da ke lardin Hebei wadda ta shahara da wannan sana'a, don haka farashinta yana bin dala, kuma farashin da aka gani a tallar watanni uku da suka wuce ba abin dogaro ba ne.

Koriyar raga mai rufin roba tana da kyau a ido, amma robar tana ɓoye gaskiyar ƙarfen. A duba bakin da aka yanke, a ga kaurin ƙarfen da ke ciki. Zomo kuma yana gaigayar robar, don haka ba ta dace da kejinsa ba.

Tsatsa

Abin da ke kare raga daga tsatsa shi ne rufin tutiya, wanda a kasuwa ake ce wa galbanaiz. Akwai wadda ake tsoma ta cikin narkakkiyar tutiya mai zafin kusan digiri 450, rufinta yana da kauri, launinta ya ɗan dushe, jikinta ba sumul ba. Akwai kuma wadda ake yi wa rufin da lantarki, tana ƙyalli sosai amma rufin bai da kauri. Abin mamaki mai ƙyallin ce ta fi jan masu saye, ita ce kuma ta fi saurin ci. Haka nan idan an yi wa waya rufi tun kafin walda, zafin waldar yana ƙone tutiyar a mahaɗa, daga nan tsatsa ke farawa. Wadda aka tsoma bayan walda za a ga tutiyar ta taru a kusurwoyin idon kamar an ɗiga dalma.

A yankin Kazaure damina gajeriya ce, iska a bushe take yawancin shekara, don haka ruwan sama ba shi ne babban abokin gabar raga ba. Fitsarin zomo da kashin kaji sun fi shi ɓarna, shi ya sa ƙasan keji ke riga bango lalacewa. Mai aku ko wani tsuntsu mai tauna ƙarfe ya kula da wani abu daban: tutiya guba ce gare su idan sun haɗiye ta, kuma sabuwar raga takan zo da ɓurɓushinta. A goge ta da buroshin ƙarfe a wanke kafin a sa tsuntsu. Mai waldar da zai haɗa firam shi ma ya yi aikin a fili, domin hayaƙin tutiya yana jawo zazzaɓi da ciwon jiki.

Ta ƙasa ake shigowa

Mafi yawan kejin da aka fasa ba ta tsakiyar raga aka bi ba. Ta ƙarƙashi ne, ko ta gefen ƙofa, ko inda aka buga kusa ɗaya aka bar tazarar taki guda. Kare da gafiya masu tono ne. Shawarar da ake gani a bidiyoyin ƙasashen waje ita ce a haƙa rami mai zurfin santimita 30 a binne ragar a tsaye. A Babura, inda ƙasa ke da yashi, wannan aikin wuni ɗaya ne. A sassan Roni da Kazaure masu duwatsu da tsakuwa kuwa, sai diga ta gaji ba a kai rabin zurfin ba.

Akwai hanyar da ta fi sauƙi. A shimfiɗa raga a kwance a ƙasa ta wajen kejin, faɗin santimita 45 zuwa 60, a ɗinke gefenta ɗaya da gindin bangon, sannan a danne ta da duwatsu ko a rufe da ƙasa kaɗan. Dabba mai tono kullum a gindin bango take farawa, sai ta ci karo da ƙarfe, kuma ba ta da dabarar ja da baya ta faro daga nesa. Duwatsun da suka hana haƙa su ne za su yi aikin dannewar.

Wurin haɗa raga da katako, lanƙwasa kusa a kan waya ba ya riƙewa. Gara a matse ragar tsakanin katako biyu, ko a sa noti mai faffaɗan wasa kowane santimita 15. Inda raga biyu suka haɗu a ɗora ɗaya kan ɗaya kamar santimita 5 a ɗinke da waya. Katakon da ya taɓa ƙasa kuma rabon gara ne, sai an ɗora shi kan bulo ko an yi ƙafafun da ƙarfe.

Lissafi kafin oda

A ɗauki akurki mai tsawon mita 3, faɗin mita 2, tsayin kusan mita 1.8. Filinsa murabba'in mita 6 ne, kuma a zafin wannan yankin kaji huɗu a kowane murabba'in mita sun isa, wato kaji 24. Kewayensa mita 10 ne. Idan faɗin naɗin ragar ƙafa 3 ne, wato kusan santimita 90, za a yi layi biyu. Layin ƙasa rabin inci, mita 10. Shimfiɗar ƙasa idan aka raba naɗin gida biyu a tsaye za ta ci kusan mita 6 har da kusurwoyi huɗu. Jimilla mita 16, a ƙara kashi 10 cikin ɗari na yanka da haɗi, a sayi mita 18. Layin sama mita 11 na inci ɗaya, idan kuɗi ya yi kaɗan. Amma ɓera da maciji suna hawa, don haka ɗakin da kajin ke kwana a ciki ya zama rabin inci ne gaba ɗaya.

Zomo yana da nasa tsarin. Ƙasan kejinsa ido mai rabin inci a faɗi da inci ɗaya a tsawo ake so, geji 14 ko 16, domin kashi ya zube ƙafa kuma ba ta faɗa ba. Siririyar waya tana yanka tafin ƙafarsa har ya yi gyambo, don haka a ajiye masa ɗan katako ko tayil a kusurwa ya riƙa hutawa a kai.

Awaki da tumaki kuwa, musamman da damina lokacin da akuya ɗaya a gonar gero ke iya kai maƙwabta gaban mai unguwa, suna buƙatar shinge mai tsayin aƙalla mita 1.2. Idonsa kada ya wuce santimita 10. Wanda ya kai 15 akuya na zura kai, ƙaho ya hana ta fitarwa, ta wuni a rana a maƙale. Game da ragon layya, raga ba ta hana ɓarawo, almakashin ƙarfe ɗaya ya gama da ita.

Zafi, hunturu da cuta

Daga Maris zuwa Mayu zafi a arewacin Jigawa yana haura digiri 40, kaza kuma ba ta gumi, haki take yi. Amfanin bangon raga shi ne iska ta ratsa. A miƙar da tsawon akurkin daga gabas zuwa yamma don rana ta rage shiga ta gefe, a kuma ɗora zana ko kara a kan kwanon rufi. Da hunturu iska daga arewa maso gabas take kaɗowa, sai a rataya buhu a wannan ɓangaren kaɗai, a bar sauran a buɗe.

Murar tsuntsaye nau'in H5N1 an fara tabbatar da ita a Afirka ne a wata gona a jihar Kaduna a watan Fabrairun 2006, ta kuma sake ɓulla a Kano a farkon 2015. Jigawa tana da dausayin Haɗeja zuwa Nguru, inda tsuntsaye masu ƙaura daga Turai ke sauka da sanyi. Raga mai ido inci ɗaya ko ƙasa da haka, tare da rufin da kashin tsuntsu ba ya ratsawa, tana rage cuɗanyar kaji da tsuntsayen daji. Iyakarta ke nan. Cutar da ta shigo a takalmi, ko a jikin zakaran da aka sayo ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, ba ruwanta da girman ido. Sabon tsuntsu ya yi aƙalla mako biyu a keji na daban, cutar Newcastle mai share kaji da hunturu kuma rigakafi ne maganinta, irin wanda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato ke samarwa.

Kyamara da lantarki

Masu sa kyamarar sola mai sim ko mai Wi-Fi a wurin kiwo sukan yi ƙorafin sabis yana yankewa. Sau da yawa kejin ne da kansa. Akwatin ƙarfe da ya kewaye abu yana tare igiyoyin rediyo, bisa ƙa'idar da Michael Faraday ya nuna tun 1836, kuma shi ya sa ƙofar injin ɗumama abinci na microwave ke da 'yar raga. Tsawon zangon Wi-Fi na 2.4GHz kusan santimita 12.5 ne, idon rabin inci kuwa kashi ɗaya cikin goma ne na wannan, don haka a wurin siginar ragar tamkar bango take. Keji ba ya rufuwa ruf, wani abu zai ratsa, amma da rufin kwano a sama da raga ta ko'ina siginar tana raunana sosai. A kafa kyamarar a waje, ko a fitar da eriyarta. Idan kuma tana kallon ciki ta raga, da dare fitilunta na infrared suna bugun ƙarfen su dawo, hoton ya zama fari fat. A matso da idon kyamarar daf da ramin raga, ko a shafa wa wannan ɓangaren baƙin fenti.

Akwai wani abu da wasu ke yi bayan an yi musu sata ko ɓarna: su jona ragar da wutar gida ko ta janareta da dare. Wannan yana kashe mutum. Shingen lantarki na gaskiya da ake gani a gonakin ƙasashen waje yana da na'ura ta musamman da ke sakin bugu ɗaya gajere ƙwarai, kusan sau ɗaya a daƙiƙa, sannan ta yanke, wanda ya taɓa ya samu damar fizge hannunsa. Wutar gida mai bolt 230 ba ta yankewa, tana ƙanƙame tsokar hannu ta hana saki. Wanda ya fi yiwuwa ya fara taɓa ragar da asuba ƙanin mai kiwon ne da aka aika ya buɗe wa kaji, ko ɗan maƙwabci da ƙwallonsa ta faɗa. Ko wayar ƙwan fitilar da ake sa wa 'yan tsaki don ɗumi, kada a ratsa da ita ta idon raga haka kawai, domin ƙarfen yana goge robar a hankali har kejin gaba ɗaya ya ɗauki wuta. A zura ta cikin bututun roba, ko a yi amfani da fitilar sola mai bolt 12.